Sandar da Yaya Ya Kafa a Kanal

Yaran yanzu ba su san ruwa ba. Na faɗa, kuma wanda zai ji haushi ya ji. Abin da suka sani shi ne jarkar mai moya, wato ɗan ga-ruwa, a turo ta a kura har ƙofar gida, a juye a randa, a wuni ana faɗa a kan wanda ya zubar. Jikokina a nan unguwar Dala ta Yerwa, idan ruwan sama ya kwanta a lungu, sai su naɗe takarda su ɗora a kai, wai su jirgi suke tuƙawa. Ni da na buɗe ido a cikin jirgin gaske, na yi rarrafe a cikinsa, na yi jinyar kaciya a ƙarƙashin rumfarsa, sai dai in kau da kai. Me zan ce musu? In ce akwai lokacin da gidanmu ke tafiya a kan ruwa? Dariya za su yi, su ce tsufa ya fara taɓa Kaka. Mutum ɗaya ne a gidan nan da ba sai na yi wa bayani ba, shi ne yayana, wanda ya zauna a zaurena shekara da shekaru yana jiran ranar da zai koma ya tayar da jirgin mahaifinmu daga ƙarƙashin ruwa. Saboda shi nake wannan dogon surutu.

Baba mutumin yamma ne, ɗan bakin kogi. Kifi ya biyo har ya iso tafkin Cadi, ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa, ya ce tafiya ta ƙare. Bai daɗe yana su ba ya gane ɗaukar kayan mutane ya fi jefa taru kwanciyar hankali, sai ya sa aka ƙera masa jirgi dogo siriri, ya kafa rumfar zana a tsakiya, ya ɗauko Inna ya sa a ciki. Wannan rumfa ita ce ɗakinmu, ita ce zaurenmu. Murhun Inna wani tsohon daro ne cike da yashi, kuma kaiton wanda ya girgiza jirgi tana kwasar tuwo. Mukan kai gishiri da sabulu da kananzir da atamfa tsibirai, waɗanda mutanen wurin ke kira tumbu, mu dawo da banda da kanwa da masara. Goshin jirgin ja ne wur. Duk shekara sai Baba ya sake masa fenti, ko da rigarsa ta yage a kafaɗa, don ya ce haƙƙin mutanen tumbu ne su san mai zuwa musu tun daga nesa. Kuma sun sani ɗin. Kafin mu taɓa gaɓa yara sun cika bakin ruwa suna tsalle, mata sun fito da kwanoni.

Muna tasowa tafki ya soma ja da baya, har garin Baga ya wayi gari ruwa ya yi masa nisa. Sai aka zo da manyan injuna aka haƙa doguwar hanyar ruwa daga bakin gari zuwa cikin tafki. Kanal muke ce mata. A bakinta na yi samartakata, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya a mayar mini, ba ƙarfi zan zaɓa ba, ba haƙora ba, tafiyar bakin kanal zan zaɓa a lokacin janyewar ruwa. Ku da kuka girma a birni kun san bazara da zafi da bushewar maƙogwaro. A can kuwa lokacin ne ƙasa ke yin kore. Ruwa na ja, manoma na bin sa da sanda suna huda laka suna jefa iri, ba ruwan sama ba ban-ruwa. Sai ka ga masara a nan ta kai ƙugu, can gaba ta kai gwiwa, can kusa da ruwa yanzu take leƙowa. Wake ya yi fure, kuɓewa ta yi fure, bado ya rufe gefen ruwa. Ita kuwa kanal takan yi ƙasa, gorar tuƙi ta riƙa kafewa a laka, sai Baba ya dube mu ya ce, "To, masu cin tuwo, ku sauka ku biya." Ni da Yaya mu rataya igiya a kafaɗa mu bi gaɓa, shi a gaba ni a baya, jirgi na biyo mu sannu kamar tsohuwar saniya.

Har gobe idan na rufe ido ina jin wannan tafiya a kunnena. Igiya na ƙara a jikin ƙarfen goshi, ruwa na lasar katako, kirinjijiya ta tashi garke guda tana fito, gauraka na amsawa daga cikin ciyawa. Inna na daka a cikin jirgi, sautin turmin ya bi ruwa ya riga mu isa inda za mu. Manoma su ɗago su yi mana wushe, mu amsa da ɗan Kanurin da muka tsinta, wani ya jefo mana gasasshiyar masara da zafinta mu riƙa juya ta daga hannu zuwa hannu ba tare da mun saki igiya ba. Wani lokaci dole mu tsaya, shanun Buduma na ƙetarewa da iyo, ba ka ganin komai sai hanci da manyan ƙahonin nan. Ni mai baki ne tun ina ƙarami, in yi waƙa, in tsokani 'yan matan da ke wanki, in yi ƙorafin kafaɗa. Yaya kuwa sai mu yi rabin wuni bai ce uffan ba, in na cika masa kunne ya ce, "Ja da kafaɗa, ba da baki ba." Ba wanda ya taɓa tare mu ya ce ina za ku. Yau daga Dala zuwa kasuwa sai an sauke ni daga keke, tsoho da ni da furfura, an ce in ɗaga riga yaron da na yi jika da shi ya duba cikina. To, Allah ya kyauta.

Mutanen ruwa suna da wata dabara da ɗan tudu ba ya ganewa. Idan tafiya ta kama ka, za ka bar jirgi wata da watanni, ba a jawo shi tudu. Rana za ta shanye katakon ya tsattsage, kwalta ta narke, gara ta ƙarasa sauran. Nutsar da shi ake yi. A kwance rumfa, a cire toshiyar gindi, a jera buhunan yashi, a bar shi ya sauka ya kwanta a laka. Ruwa zai riƙe maka shi, katako ya kumbura ya haɗe bakinsa. Ranar da ka dawo ka tara mutane, a nutsa a fitar da buhuna, a ɗago, a kwarfe, sai ga shi ya fi da ƙarfi. Sharaɗi ɗaya ne: sai ka kafa doguwar sanda a kansa ka ɗaura tsumma, don duk mai wucewa ya san akwai katako a ƙasa ya kauce. Ba wanda ya taɓa kawo maganar ɓarawo. Wa zai saci jirgin da kowa ya san mai shi?

Na san nauyin sandar nan ne wata ranar kasuwa, gemu bai fito mini ba tukuna. Wani maƙwabcinmu a tashar jirage ya nutsar da jirginsa cikin gaggawa, za shi gida noma, ya ce wa ƙanensa ya kafa sanda, ƙanen ya ce sai gobe, goben ba ta zo ba. Muna jan igiya da hantsi sai ga wani jirgi ya taho daga tumbu, an sa masa inji, cike da mata da kwandunan tumatir. Ya wuce mu da gudu, har wata ta ɗago mana hannu. Ƙarar da na ji ba ta da yawa, kamar an fasa ƙwarya. Ya hau kan jirgin da ke kwance a ƙasa, cikinsa ya tsage, ya karkata, ya juye. Ruwan wurin bai fi tsayin mutum ba, shi ya sa aka ciro kowa, Baba da Yaya da manoma suna ta nutso. Amma akwai wata mai goyo da kwando ya danne, kafin a ɗago ta ruwa ya riga ya shiga jaririn. Baba ne ya kwance majanyin da hannunsa. Matar ba ta yi ihu ba, ta karɓi ɗan ta ɗora a kafaɗa tana ɗan bubbuga bayansa, tumatir na yawo a kan ruwa kewaye da mu. Na daɗe ban iya cin miyar tumatir ba.

Da mai nutsattsen jirgin ya dawo ba wanda ya doke shi, ba wanda ya kai shi gaban alƙali. Abin da aka yi masa ya fi duka. Ya iso tasha a jirgin aro, ya jefa igiya, igiyar ta faɗi a ƙasa, mutane na tsaye suna kallo. A wurinmu ko maƙiyinka ne ya jefo igiya sai ka cafe, daga baya ku ci gaba da gabarku. Ya sake jefawa, ta sake faɗi. Bai kai damina ba ya bar tafkin. Shi kuwa Baba, tun ranar da abin ya faru, bayan la'asar ya sare wata doguwar gora ya kira mu, ya ce kowa ya kama. Muka kama. Idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Ku saurare ni da kyau. Ko wuta ce ta biyo ku, ko ni ne nake mutuwa aka aiko ku zo, kada ku bar katako a ƙasan ruwa ba alama. Wanda ya yi, ba ni na haife shi ba." Ni na ji, na ce to. Yaya kuwa na ga yadda ya riƙe gorar, sai da Baba ya ce ya saki.

Daga baya hanya ta raba mu. Ni na gaji da sauro da laka, na biyo motar banda na shigo Yerwa, na zama ɗan kasuwar kifi, na yi aure, na gina wannan gida. Yaya ya zauna. Inna ta rasu, Baba ya bi ta, jirgi ya zama nasa. Katako ya ruɓe ya sauya, wani ya ruɓe ya sauya, har ba na jin akwai guntun da ya rage daga na asali, amma a bakinsa jirgin Baba ne. Ya sa masa inji, ya mayar da rumfar zana ta tamfol, jan goshi kuwa bai taɓa bari ya koɗe ba. Yaran da ke tsalle a gaɓa lokacin muna samari sun girma sun haifi nasu masu tsallen, duk suna ce masa Baba Mai Jirgi. Idan na je da bazara mukan bi bakin kanal da ƙafa, ba igiya, don marmari kawai, shi a gaba ni a baya kamar da.

Sai yaran daji suka zo. Ba zan tsaya faɗin su wane ne ba, kowa a garin nan yana da kabarin da zai nuna. Wata rana da azahar na ga wani tsoho a ƙofar zaure, ƙafafu a kumbure, ba komai a hannunsa sai buta. Sai da ya yi sallama na gane muryar Yaya ce. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajen aure a wasu garuruwa, shi kaɗai ya taho. Na zaunar da shi, aka kawo kunu, na bari ya sha rabi kafin na tambaya.

"Yaya, jirgi fa?"

"Yana nan lafiya," in ji shi. "Na kwantar da shi inda kanal ta yi gwiwa. Inji na binne shi daban."

"Alhamdu lillahi. Ba dai wanda ya gan ka?"

"Ba kowa. Na kafa sanda na taho."

Na dube shi. "Sanda kuma? Yaya, ɓoye jirgi ka yi ko tallarsa?"

Ya ajiye ƙoƙon a hankali. "Kai ba ka ga abin da na gani ba. Jirage na fitowa daga tumbu cike da mata da yara, ruwa har baki, ba mai duba gabansa. A hanyarsu yake kwance. In bar shi haka?"

"Ai da ka tura shi cikin kacala, ciyawar ruwa ta rufe shi."

"Da wane lokaci? Harbi na bayana."

Na ce a raina, yaran da ke kashe mutane ina suka ga lokacin nutso a laka? Muka bar maganar.

Haka ya zauna a zaurena. Da farko mun ɗauka wata biyu ne ko uku, sai damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Aka hana kamun kifi, aka hana safararsa, kasuwarmu da mota ba ta samun wurin tsayawa ta koma wurin kwanan awaki. Mutanen da suka ciyar da rabin ƙasar nan da banda na gan su da idona a layi, rana na dukansu, suna jiran mudun shinkafa, masu fararen motoci sun fito daga GRA, unguwar manya, suna ɗaukar su hoto. Wannan abu ya tsaya mini a wuya, har yau bai wuce ba. Yaya bai taɓa shiga layin ba. Aikinsa ɗaya ne, ya warware tsofaffin buhuna ya tufka igiya, wai ta ranar tayar da jirgi. Igiyar ta yi ta tsawo har ta cika kusurwar zaure. Duk wanda aka ce ya fito daga wajen Baga sai ya neme shi ya tambaye shi ruwa, ya ƙaru ko ya ja, don tsoronsa kada kanal ta bushe rana ta sami katakon. Har mutanen ɗagawa ya tanada. Ya ga saurayi mai ƙirji a masallaci ya ce, "Ranar tayarwa kana ciki, ka ji ko?" Su yi dariya su ce, "To, Baba." Wasu sun ɗauka ya zautu. Ni na san lafiyarsa lau. Jirgin ne ke tashe shi da asuba, shi ne ke sa shi cin abinci. In na tsokane shi na ce kifi sun yi gida a ciki, sai ya ce, "Su zauna, haya suke, mai gida na zuwa."

Wata Juma'a muka je ta'aziyyar wani tsohon abokin kasuwata a Limanti. Mun fito muna neman keke, sai muka bi ta gaban wani kangon gini da 'yan gudun hijira suka kakkafa buhuna suka zauna. A bakin kangon wata mata na tuyar awara. Ta ɗago ta dube mu, ta sake duba, sai ta saki matsamin a cikin mai ta miƙe.

"Baba Mai Jirgi? Kai ne ko idona ne?"

Yaya ya matsa ya ƙare mata kallo, sai fuskarsa ta washe, abin da na daɗe ban gani ba. 'Yar wani tumbu ce, ya san ta tun tana cikin masu tsalle a gaɓa, shi ya ɗauko kayan ɗakinta ranar da aka kai ta gidan miji. Ta durƙusa tana gaishe shi tana hawaye, tana ta maimaita ikon Allah.

"Ashe kana raye, Baba. Wallahi mun ɗauka sun kashe ka. Kullum ina sa ka a addu'a tare da namu."

"Wa ya ce miki na mutu, 'yata?"

"Ba wanda ya ce. Da muka ga jirginka a hannunsu, ai mun san ba za ka ba su da ranka ba."

Yaya ya yi ɗan murmushi. "A'a, kin yi kuskure. Nawa yana ƙarƙashin ruwa, ni na kwantar da shi."

"Mai jan goshi? Baba, ni za a gaya wa jirginka?" Ta share ido da bakin mayafi. "Mu da ba mu samu fita ba, mun saba, da mun ji inji sai mu shige kacala mu kwanta har su gama su tafi. Ranar ma mun tashi, har na kai bakin ciyawa. Sai mai gidana ya hango goshin, ya ɗaga murya ya ce ku dawo, Baba Mai Jirgi ne, gishiri ya zo. Mun yi watanni ba gishiri. Kowa ya dawo, yara suka ruga gaɓa. Har kwano na ɗauko."

Awara na ƙonewa a bayanta, ba wanda ya kula. Na ce, "Ya isa, baiwar Allah," amma ba ta ji ni ba.

"Sai da suka taɓa gaɓa muka ga ba kai ba ne. Mazan suka fara tarawa. Mai gidana, da 'ya'yana samari duka biyu." Ta ja numfashi. "Amma tunda kai ka tsira, alhamdu lillahi. Yaya aka yi suka ƙwace shi?"

Ni na amsa, na ce labarin da tsawo, za mu dawo. Na kama hannun Yaya muka tafi.

Ya ƙi hawa keke. Daga Limanti har Dala da ƙafa muka zo, rana tsaka, tsofaffi biyu. Sai da muka yi nisa ya yi magana, bai juyo ba.

"Gobe zan koma in gaya mata."

"Ka gaya mata me? Tana ganin ƙwace aka yi, kuma ai ƙwacen ne. Ka bar baiwar Allah da abin da take ɗauke da shi."

"Ba ƙwace ba ne. Nuna musu na yi. Har tsumma na ɗaura, fari, don a gani da kyau."

"Yaya, jiragen da suka wuce ta wurin fa? Mata da yaran da ka ce? Ba don sandar ba da wasu sun juye."

"Wataƙila. Su ban san su ba. Wannan na san ta."

Muka ƙara tafiya. Can ya tsaya a gindin wata dalbejiya, ya dube ni ido cikin ido, abin da ba ɗabi'arsa ba ce. Ya ce, "Kai ka fi ni wayo tun muna yara. Ka faɗa mini gaskiya. Da Baba ne, zai kafa?"

Na so in yi masa ƙarya, ban san wadda za ta yi masa amfani ba. Na ce, "Zai kafa."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da tafiya. Ni kuwa a ranar na ji haushin Baba a cikin kabarinsa, Allah ya yafe mini. Ya yi mana tarbiyyar wata duniya, ya tafi ya bar mu a wata. Ya koya mana mu sa alama don kada mu cuci wanda ba mu sani ba, ya koya mana mu shafa fenti don mutane su amince da mu tun daga nesa, ba wanda ya gaya masa za a yi zamanin da za a ɗauki wannan amincin a yanka mutane da shi. Kuma haushin bai kai ko'ina ba, don na san ko ni ne a bakin kanal ɗin, da duk bakina da wayona, sai na waiwaya na nemi gora.

Da safe na same shi ya yi wanka ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Na yi magiya, na haɗa shi da Allah, na ce abin da zai faɗa ba zai tayar da kowa ba, ita zai ƙara wa ciwo don ya rage nasa. Ya ce, "Tana yi mini addu'a tare da 'ya'yanta. Ba zan ci wannan addu'ar a ɓoye ba." Da na ga ba zai fasa ba na ɗauki hulata na bi shi.

Mun same ta ba ta hura wuta ba tukuna, tana tace waken suya a bakin kangon. Ta yi murna, ta shimfiɗa mana buhu, Yaya ya ƙi zama. A tsaye ya faɗa mata, bai rage komai ba, bai kuma kawo maganar jiragen da ke gudu ba, ko kalma ɗaya ta kare kai. Ya ce ba wanda ya ƙwace, ba wanda ya taɓa shi, shi ya nutsar da jirgi ya kafa sanda a kai ya ɗaura farin tsumma ya yi tafiyarsa. Na buɗe baki zan ƙara abin da ya bari, ya ɗaga mini hannu.

Ta daɗe tana kallon ruwan waken da ke ɗiga daga mataci. 'Yar ruwa ce, ba sai an yi mata bayanin sanda ba, ta san dalilinta kamar yadda muka sani. Na ga ta gane, kuma na ga ganewar ba ta rage mata komai ba.

"Ka yi abin da ake yi, Baba," in ji ta. Muryarta ba ta tashi ba. "Amma da ka bar ni da addu'ar da nake yi maka."

Ta ɗauki ƙwaryarta ta shiga, ta saki labulen buhu. Muka tsaya a rana har na ji kunyar masu wucewa, sannan Yaya ya ce mu tafi.

Bai ƙara tambayar kowa labarin ruwa ba. Abinci ma sai an matsa masa yake taɓawa, kafin damina ta faɗi muka kai shi makwancinsa. Na aika Limanti aka gaya mata. Ba ta zo gaisuwa ba, kuma ban ga laifinta ba.